Darasi: Bututun Mai Da Ya Gitta Hanyar Shanu



Akwai wani baƙo da ya sauka a kan hanyoyinmu, wanda iyayenmu da suka riƙa kora shanu a ƙasa zuwa Ikko da Kumasi ba su san shi ba, watau bututun mai. Ba ya motsi, ba ya magana, yawancinmu ma mun sha taka shi ba mu sani ba, domin a binne yake. To amma tun da yake dukiyarmu tana ratsa kansa kowane mako, ya kamata mu san halinsa kamar yadda muka san halin gulbi da damina.

Mu fara da inda yake. A ƙasar Nijar, tun 2011 akwai bututu mai tsawon kilomita 462 da ke kawo ɗanyen mai daga Agadem zuwa matatar Soraz, arewa da Damagaram. Sa'an nan ga babban, wanda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa, aka soma loda mansa a jirgin ruwa cikin watan Mayu na 2024. Shi wannan ya tashi daga Agadem, ya ratsa jihohin Difa da Damagaram da Maraɗi da Tawa da Doso, ya tsallaka kogin Kwara a wajen Gaya, ya bi ƙasar Benin daga sama har ƙasa, ya tuƙe a Seme a bakin teku. Tsawonsa ya kusa kilomita 2,000. Ku lura da kwanciyarsa: daga gabas ya miƙe yamma, mu kuwa shanunmu daga arewa suke gangarowa kudu. Saboda haka san da aka saya a Tanut ko Dakwaro ko Abalak, in dai Maigatari ko Jibiya ko Illela za shi, babu makawa sai ya haye bututun nan, ko da kofatonsa ko a cikin mota.

'Yan'uwanmu na Cadi da Kamaru sun riga mu sanin wannan baƙo. Nasu ya soma aiki tun 2003, daga rijiyoyin Doba zuwa Kiribi, kilomita 1,070, kuma ya bi ta gabashin Adamawa, ƙasar shanu sosai, kafin ya gangara Belabo. A Nijeriya kuwa akwai tsofaffin bututan da suka taso daga Wari zuwa Kaduna, suka rarrabu zuwa Kano da Gusau da Jos da Gwambe da Maiduguri. Da yawansu sun yi shekaru ba sa aiki sosai, amma don bututu ya kwanta ba a ce cikinsa wayam yake ba. Ga kuma na iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614, wanda aka soma aikinsa a 2020.

To yaya masu aikin suke auna haɗarin fashewarsa? Abin ba baƙo ba ne a wurinmu, sunansa ne kawai ya bambanta. In mahauci ya zo neman shanu bashi, tambaya biyu mukan yi wa kanmu kafin mu amsa. Ta farko, anya zai biya? Ta biyu, in bai biya ba, nawa ne za su nutse? Mutumin da muke shakka kansa, muna iya ba shi akuya, don in ta tafi ba ta karya jari. Wanda muka amince da shi ƙwarai kuwa, duk da haka ba mu juye masa garke dukansa, domin ko da yake da wuya ya ci amana, ranar da abin ya faru mun tashi daga kasuwa ke nan. Haka injiniyoyi suke yi. Sukan yanka bututun gunduwa-gunduwa a takarda, kowace gunduwa su tambaya: mene ne yiwuwar ta fashe a nan, kuma in ta fashe me za ta ci? Inda amsoshin biyu suka yi nauyi tare, misali a bakin kogi ko kusa da gari, nan suke ƙara kaurin ƙarfe, su ƙara zurfin rami, su sa makunnin da ke datse mai, su yawaita sintiri.

Abin da ke kashe bututu a hankali shi ne tsatsa. Ƙarfe ne a cikin ƙasa, danshi yana cinsa ta waje, ruwan da ke gauraye da mai yana cinsa ta ciki. Don haka sukan lulluɓe shi da wani irin shafi mai kauri, kana su sakar masa 'yar wutar lantarki kaɗan wadda ke hana tsatsa kama shi. Waɗannan ƙananan sanduna masu akwati a ka da mukan gani jefi-jefi a daji, na auna wutar nan ne. Yaron da ya ɓalle wayar ciki don ya ɗaure ƙafar maraƙi bai san ya buɗe wa tsatsa ƙofa ba, kuma ɓarnar ba za ta fito ba sai bayan shekaru. Lokaci-lokaci kuma sukan tura wata na'ura ta cikin bututun, mai ya yi ta tura ta daga wannan tasha zuwa waccan, tana auna kaurin ƙarfe tana rubuta inda ya lalace. Sunan da suka ba ta da Turanci, ma'anarsa alade ne. Allah dai ya san abin da ya kai su.

Na biyu ruwa ne. Zurfin da aka binne shi bai wuce kamar mita ɗaya ba a yawancin wurare, kuma duk wanda ya ga abin da ambaliyar 2024 ta yi wa hanyoyi da gadoji a Nijar ya san mita ɗaya ba komai ba ce a wurin ƙorama. Ruwa ya kwashe rairayi, bututu ya fito fili yana lilo tsakanin gaɓa da gaɓa, nauyin man da ke ciki yana danna shi, itatuwan da ruwa ya kwaso suna dukansa. A nan ne wurin walda yakan buɗe.

Amma a ƙasashenmu, hannun ɗan Adam ya fi tsatsa da ruwa sauri. Wani cikin kuskure ne: a watan Mayu na 2008, a Ijegun ta Ikko, katafila ce mai aikin hanya ta caki bututun fetur, wuta ta tashi ta ci mutane da gidaje, har da 'yan makaranta. Wani kuwa da gangan: ɓarayin mai da ke huda shi su sa tiyo, da masu fasa shi don faɗa da gwamnati. Bututun Nijar bai cika wata biyu da soma lodi ba aka fasa shi a yankin Tesker, cikin watan Yuni na 2024, wata ƙungiyar 'yan tawaye ta ce ita ta yi. A watan nan dai aka kashe sojoji 6 masu gadinsa a jihar Doso, kana a Disamba aka sake kai masa hari a wajen Gaya.

Don mu gane girman abin, bari mu yi lissafi irin namu. An gina bututun Nijar ne don ya ɗauki ganga 90,000 a rana, kowace ganga kuwa lita 159 ce. In ka buga, lita miliyan 14 da ɗoriya ke nan a rana, watau kusan lita 10,000 a minti guda, duro 50 ke nan irin na lita 200. Masu gadin na'ura a tasha sukan ga ƙarfin turin ya faɗi su rufe, amma rufewar ba ta mayar da abin da ke tsakanin makunni da makunni. Wannan sai ya tsiyaye ta inda ƙasa ta fi gangara. Na Cadi, mai faɗin inci 30, kowace kilomita guda tana riƙe da fiye da lita 400,000, sama da tanka 12. Wannan fa babbar fashewa ke nan. Ƙaramar huda kuwa, wadda ba ta wuce bakin allura ba, na'ura ba ta cika jin ta ba, sai ta yi makonni tana jiƙa ƙasa har ta kai ga tafki ko rijiya. Mu a wurinmu ita ce ma ta fi zama abin tsoro, domin ita ce shanu za su tarar babu kowa a wurin.

Yanzu sai mu zo kan namu rabon. Tambaya ta farko, watau ko zai fashe ko ba zai fashe ba, ba a hannunmu take ba. Ba mu da na'urar auna ƙarfe, ba mu san ranar da ɓarawo zai zo ba. Gaskiya kuma ita ce bututu ba kullum yake fashewa ba. Mutum na iya shekara 20 yana haye shi bai ga ko ɗigo ba. Abin da ke hannunmu shi ne tambaya ta biyu: dukiya nawa muka aza a kansa, kuma har tsawon wane lokaci? A ce garke ne na shanu 60, kowane a kan jika 400, sefa miliyan 24 ke nan ke tafe da ƙafa huɗu-huɗu, galibi kuma rabinsu kuɗin mutane ne. In aka gitta layin aka wuce, minti 10 ya isa. In aka yi zango a kansa daga magariba zuwa asuba, awa 10 ke nan, minti 600. Bututun bai sake ba, garken bai sake ba, amma mun ninka zamanmu a bakin haɗari sau 60, kuma a cikin dare, lokacin da masu huda suke aikinsu, lokacin da mu ma muke hura wuta. Wannan ninkin ba kamfani ya ɗora mana ba, ba kuma gwamnati ba.

Mun san abin da ke jan masu kora zuwa can, ba wauta ba ce. Gonaki sun cinye burtali, ko'ina ka juya da damina gero ne da wake, saniya ta sa baki a kai ka gaban hukuma. Sai ga wani fili an share shi, miƙaƙƙe sambal, babu itace, ga ciyawa ta fito. Wa zai ƙi? Amma filin nan an share shi ne don a riƙa ganin abin da ke faruwa a kan bututun. A gitta shi kai tsaye, kada a bi tsawonsa, zango kuma ya yi nisa da shi aƙalla rabin kilomita, a kan tudu, ba a kwarin da mai zai gangaro ba. Wanda ya ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiyarsa, amma tun muna yara a gaban malam aka koya mana cewa ɗaure raƙumi ba ya ɓata tawakkali.

Akwai kuma wani haɗarin da ba na mai ba. Tun hare-haren 2024, sojan da aka ajiye gadin bututu a firgice yake kwana. Ya hango wuta da inuwar mutane da babur a kan layi da tsakar dare, ba zai tsaya tambayar ko fatake ne ba. Ko an tsira da rai, ana iya kwashe yara a tsare, shanu su watse a daji. Inda duk akwai sansanin soja kusa da mahaya, madugu ya je da rana ya yi sallama, ya nuna takardu, ya faɗi yawan shanu da yawan mutane da lokacin da za a wuce. Goron da aka kashe a nan bai kai kuɗin kofato ɗaya ba.

Direbobinmu ma a gaya musu. Rufe iyakoki da aka yi a 2023 ya koya wa motoci da yawa bin hanyoyin daji. Inda kwalta ta haye bututu, an yi wa wurin shiri na ɗaukar nauyi. A daji kuwa babu wannan shiri. Tirela cike da shanu ta kafe a laka a kan layi, 'yan lodi su zo da diga da shebur su yi ta haƙa ƙarƙashin taya, kowace sara tana rage mitar nan guda. Haka masu ginar rijiyar wucin gadi a cikin ƙorama don shayar da garke: a duba sandunan alama na gaɓa biyu tukuna, a ja layi da ido, a matsa can nesa.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma makiyayi ya fi injiniya sanin yadda lafiyayyar ƙasa take. Ciyawa ta bushe a wuri guda alhali ta kewaye kore ce shar. Ƙasa ta yi baƙi tana maiƙo. Ruwan tafki yana walƙiya launi-launi kamar bakan gizo, ko yana tafasa ba wuta. Matattun tsuntsaye da kwaɗi a bakin ruwa. Ƙura tana tashi daga ƙasa babu iska. Ƙara kamar hucin kumurci. Sabon rami da sawun mota da guntun tiyo inda babu gari. Ko ɗaya daga ciki ya isa a juya garke. Hanci kuma kada a dogara da shi ɗungum. Wani ɗanyen mai yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa takan kashe jin warin kansa, mutum ya ɗauka ta wuce, alhali lokacin ne take kayar da shi. Gas na babban bututu kuwa sau da yawa ba a sa masa warin nan da muka sani na tukunyar girki ba.

In an ga haka, a kora shanu ta inda iska ke fitowa, a hau tudu, domin tururin mai ya fi iska nauyi, kwari yake bi yana kwanciya. Kada a tayar da babur ko mota a wurin, kada a ƙyasta ashana, mai sigari ya kashe, wayar ma sai an yi nisa a buga. A kan sandunan alama galibi akwai lambar wurin da lambar waya. A kira, a kuma aika wa mai gari da jandarma ko 'yan sanda mafi kusa. Sa'an nan a tsayar da mutum a kan hanya daga nesa don ya tare garken da ke biye.

Maganar ɗiba kuwa, ba sai mun tsawaita ba. A Jesse ta jihar Delta, watan Oktoba na 1998, mutane fiye da 1,000 suka ƙone suna kwasar fetur daga bututun da ya fashe. A Abule Egba ta Ikko, Disamba 2006, fiye da 250. A Majiya ta Jigawa, Oktoba 2024, tanka ce ta faɗi ba bututu ba, amma kwasar ɗaya ce, mutane fiye da 150 suka tafi. Yaranmu masu kora talakawa ne, jarka guda ta fetur kuɗin kwana nawa ce a wurinsu. A faɗa musu tun a kara, da baki, kowane da sunansa. Ɗanyen mai ma ko an ɗiba ba ya tuƙa babur, sai dai ya kashe inji.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne saniya ba ta ƙyamar mai. Muna zaton wari zai kore ta, ina! Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa shanu sukan sha ɗanyen mai da gazuwal da kansu, balle waɗanda suka yini da ƙishirwa ko suke marmarin kanwa da gishiri. Garken da ya yi tafiyar yini in ya hango ruwa ba ya jin sanda, saboda haka a riƙa tura yaro ɗaya gaba ya duba mashaya kafin shanu su shaƙi ƙamshin ruwa, musamman tafkin da ke gangaren layi. Wadda ta sha za a ga ta kumbura, ta daina tuƙa, tana rawar jiki tana tangaɗi, numfashinta da kashinta suna warin mai. Abin da ke kashe su galibi ba cikin ba ne, huhu ne: in ta yi amai ko ta sarƙe, man ya faɗa huhu, bayan kwana biyu ko uku sai tari da zazzaɓi da haki. Don haka al'adarmu ta kama saniya a ɗaga kai a ɗura mata jiƙo ko ruwan kanwa da kwalba, a nan kam ita ce ke ƙarasa ta. A raba ta da wurin, a sa ta a inuwa, a ba ta ruwa mai kyau ta sha da kanta da busasshiyar ciyawa, wadda jikinta ya shafa a wanke da sabulu, ba da kananzir ba, a nemo likita. Kuma kada a yi saurin sa wuƙa don a tsira da rabin kuɗi. Naman yakan ɗauki wari, ba shi da kyau ga mai ci, sayar da shi ga mahauci a ɓoye kuwa algus ne, kowa ya san hukuncinsa. Wadda ta warke ma takan daɗe ba ta mayar da jiki ba, a sa wannan a lissafi.

Sai batun diyya. Kamfani ba ya biyan labari, takarda yake biya. Tun ana wurin, daga nesa, a ɗauki hoton dabbobin da alamar da ke jikinsu, da man, da lambar sandar da ta fi kusa. Kada a binne mushe sai likitan gwamnati ya gani ya rubuta abin da ya kashe shi, jandarma ko mai gari su sa hannu. Takardar kasuwa da ta likita da ta fito su ne shaidar cewa shanun naka ne kuma lafiya suka taso. Wanda ya bi ta bayan gari don gudun kuɗin fito, ranar nan ba shi da bakin magana, a ƙasar da ba tasa ba balle. Kada kowa ya dangwala hannu a takardar Faransanci ko Turanci sai wanda ya yarda da shi ya karanta masa ita, don wata takardar karɓar kuɗin jaje ce a sama, a ƙasa kuwa yafe sauran hakki. Kuma a zo ta hannun ƙungiya, kada a je ɗai-ɗai.

A tsakaninmu kuma, wa zai ɗauki hasara, mai dukiya ko mai kora? Abin da malamanmu na Malikiyya suka karantar shi ne makiyayin da aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya halaka a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka umarce shi. Ke nan in mai dukiya bai ce komai ba, yaro ya kwana a kan layi don bai sani ba, da wuya a ɗora masa. In kuwa an gaya masa gaban shaidu cewa kada ya bi layi, kada ya kwana kusa da shi, kada ya shayar bai duba ba, ya kuma saɓa, magana ta sake. Saboda haka a riƙa faɗin sharuɗɗan nan uku a gaban sarkin kara ranar tashi, tare da kuɗin kora da na guzuri, direban mota shi ma a gaya masa nasa.

Muna roƙon madugai na kowace hanya, ta Gaya da ta Ƙonni da ta Maraɗi da ta Damagaram, da 'yan'uwa na Maiganga da Mundu, kowa ya rubuto wa sakatare wuraren da hanyarsa ta haye bututu, da lambar wayar da ke kan sandar wurin, da sunan mashayar da ta fi kusa, da inda ruwan bana ya tone ƙasa. In sun taru za mu buga su a shafi guda, yadda kowane mai kora zai yanke ya sa a aljihu.